Baffa Labbo da Takalman Bakin Tabarma

Rumaisa'u ta fara jin sunan Labbo ne a bakin mahaifiyarta, tun tana 'yar firamare. Yayanta Armiya'u ya tsaya buga ƙwallo a filin bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda har aka sallame magariba, ya shigo gida yana sanɗa, wando duk taɓo. Inna ba ta ko ɗaga murya ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ci gaba dai. Labbo za ka zama."

Daga ranar ta lura kalmar tana yawo a gidansu. Yaro ya daɗe a wajen langa, Labbo. An kama wani da kwalin ludo a ƙarƙashin katifa, Labbo. Ita a zatonta wata cuta ce mai kama masu yawan wasa, irin su shawara, har ta taɓa ɗaga fatar idon Armiya'u yana barcin rana, don ta ga ko ya fara yin ɗorawa.

Sai da ta shiga sakandare ta san mutum ne, kuma jininta ne. Gwaggo Saudat ce ta gaya mata, ƙanwar mahaifinta da ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Rumaisa'u mai son tambayar wane ya haifi wane ce, Gwaggo kuwa ba ta gajiya da amsa, musamman in ana tsintar shinkafa.

Su uku Malam Alamin na Zurmi ya haifa suka rayu: Labbo ne babba, sai Ɗahiru mahaifin Rumaisa'u, sai Saudat auta. A wajen karatu babu wanda ya kai Labbo kaifin kai, allo ba ya kwana biyu a hannunsa bai wanke ba. Abu ɗaya ke gare shi, duk inda aka haƙa gurabun dara a gindin tsamiya, ƙafarsa ba ta iya wucewa. Ranar saukar karatunsa an yanka sa, malamai sun zo har daga Shinkafi, an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har waje. Shi kuwa tun da sassafe ya ji labarin wani gwanin dara ya sauka a Birnin Tsaba, ya ari keke ya ce bari ya ga hannu ɗaya ya dawo. Wasan ya ƙi ƙarewa. Da ya iso gida rana ta yi sanyi, baƙi sun watse, ana naɗe tabarmi.

"Bai ma buga ba," in ji Gwaggo. "Kallo kawai ya tsaya yi. Ni ina ƙarama lokacin, abin da na riƙe shi ne anka raba naman sa ba wanda ya yi dariya."

Mahaifinsu bai doke shi ba. Daga cikin zaure ya aiko da magana cewa ya koma inda ya yini. Wataƙila ya faɗa ne don ta yi masa zafi na 'yan kwanaki, amma Labbo ya gaji zuciyar ubansa. Ya mayar wa mai keke kekensa, ya kama hanyar Kaura da ƙafa.

A Kaura ya fara da dako a tashar jirgi, zamanin da ake loda gyaɗa da auduga. Daga nan ya zama yaron mota, ya zama direba, ya yi shekaru yana bin hanyar Shinkafi har ya tsallaka Maraɗi. A tashoshin mota ya zauna da 'yan karta, ya buga ta kuwa, har da irin wadda mutanen Nijar ke kira bilot. Gwaggo ba ta ɓoye wannan ba. Ta ce ya bar ta ne bayan ya auri Turai, wata mai sayar da fura da ta gaya masa tun kafin a ɗaura cewa ba ta zama da mijin da sai an je tasha an ɗauko shi. Da idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi, ya kama rumfa a kasuwar Shinkafi yana sayar da tabarmi da igiyoyi.

A wannan rumfa aka san shi da abin da aka san shi. In 'yan dara sun yi gardama, wajensa ake zuwa. In ɗan kasuwa ya ga sabon wasa a kwali a Kano, yakan sayo ɗaya ya kawo wa Labbo ya duba kafin ya saro da yawa. Har wani shugaban firamare ya taɓa zuwa masa da buhu guda na wasannin da aka ba makarantarsa, ya ce ya ware masa na kirki. Labbo ba ya karanta takardar da ke cikin kwali. Sai ya shimfiɗa tabarma, ya zaunar da mutane su buga, shi ma ya zauna, idonsa rabi a kan wasan, rabi a kan takalman da aka tuɓe a bakin tabarmar. Yakan ce baki yana iya yabon wasa don kunya, amma da zarar ƙafar mutum ta fara laluben takalminta, wasan ya mutu.

Tsakaninsa da ƙaninsa Malam Ɗahiru ba gaba ba ce. Suna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, su gaisa yadda ya kamata. Sai dai tun da Malam Ɗahiru ya dawo Kaura da iyalinsa, ya yi aikin alƙalanci har ya yi ritaya, Labbo bai taɓa tuɓe takalmi a gidansa ba. A ƙofar zaure yake tsayawa, ya yi gaisuwa, ya ce mota na jiransa.

Abin da ya kawo shi cikin gidan, Armiya'u ne.

A kwaleji Armiya'u ya haɗu da abokai masu wani irin wasan zaune da suka samo ta waya. Ba a cin kowa a cikinsa. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya riƙa faɗin abin da zai yi. In abin mai haɗari ne, sai a jefa ɗan ludo, wannan ɗan ƙaramin mai ɗige-ɗige, a ga ko ya dace. Na abokan nasa duk dodanni ne da takubba. Armiya'u ya zauna ya ƙirƙiro nasa, ya sa masa suna Ayari: fatake ne na zamanin da, sun taso daga Kaura da jakuna za su Shinkafi, akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba mai nuna hanya. Ya zana taswira a bayan kwalin sabulu. Da ya fara koyarwa a firamaren Sakajiki ya ci gaba da yi masa ƙari, wato sababbin dokoki da labarai da ake ɗorawa a kan na asali, ɗaya na kasuwa, ɗaya na damina. Burinsa ya kai shi makarantar, yara su riƙa yi bayan tashi.

Wata rana Malam Ɗahiru ya shiga ɗakin samari neman buta, ya taka ɗan ludo da ƙafa.

Rumaisa'u tana shanya a tsakar gida ta ji komai. Baba ya ce wannan abu kayan caca ne, kuma akwai hani a kansa, ba zai kwana a gidansa ba, a kwashe kwalayen a kai murhu. Armiya'u, wanda bai taɓa mayar masa da magana ba, ya ce ba caca ba ce, ba zai ƙona ba. Baba ya ce to ya zaɓa, ko wasan ko gidan.

Da la'asar ta leƙa ɗakin ta tarar yayanta ya sauko da jakarsa yana ninke riguna. Ya ce yana da aboki a Gusau. Ita kaɗai a cikin yaran ta san labarin keken aro, ta kuma san irin zuciyar da mazan gidan ke gada. Ta tafi kai tsaye ɗakin Gwaggo.

Gwaggo ta yafa mayafi ta nufi zaure. Auta ce, tana faɗa wa Malam abin da wani ba ya iyawa.

"Malam, wanga wasa ka taɓa ganin an yi shi?"

"Na ga abin da aka yi shi da shi."

"Lokacin da kake kotu, in anka kawo maka rigimar raƙumi, kai kake duba haƙoransa, ko mai sanin raƙuma kake kira?"

Malam ya rufe littafin da ke gabansa. "Wa kike so a kira?"

"Ka san shi. Uwarku ɗaya."

Malam ya ce, "In caca ce, ba wanda zai riga shi ganewa. A kira shi. Abin da ya faɗa na yarda." Har yau Rumaisa'u ba ta san ko ya zaci Labbo ba zai zo ba ne.

Ya zo. Ya bari kasuwar Alhamis ta ci ta watse, washegari ya biyo motar da ke tasowa in rana ta ɗaga, don yanzu ba a sammako a wannan hanya. Dogo ne siriri, gemu fari fat, da tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya rungumo sabuwar tabarmar kaba a hammata. Rumaisa'u ta durƙusa ta gaishe shi, tana kallonsa a sace: wannan ne cutar da ta taɓa nema a idon yayanta.

"Ke ce mai tambaye-tambaye?" ya ce. "Saudatu ta ce kin san sunan kakan kakana. Ni ban san shi ba."

Ya ce ba zai duba komai ba sai an sauko daga Juma'a. Bayan an sauko ya shimfiɗa tabarmarsa a inuwar darbejiya, daidai inda ake hangowa daga ƙofar zaure ta ciki. Ya tsaya jim a bakinta, sannan ya tuɓe takalmansa, wasu tsofaffin fade da aka sha yi wa ɗinki. Malam Ɗahiru ya zauna a kujera a bakin zaure da carbi a hannu, bai matso ba.

Armiya'u ya miƙo takardun dokoki. Labbo ya ture su da bayan hannu.

"Ajiye. In wasan na da rai zan gani. Saudatu, zauna. Ke ma ɗiyata zauna."

"Ni da girmana?" in ji Gwaggo, tana riga tana tuɓe silifas. "To ni ce madugu. Ba ni bin bayan kowa."

Ta sa wa madugunta suna Tambari. Rumaisa'u ta ɗauki jagaba. Kowane mutum a labarin da katinsa. Armiya'u ya miƙa wa Baffa katin malamin ayari, yana ganin ya girmama shi. Labbo ya ƙi.

"Wane ne na ƙarshe, mai korar jakin da ya gaji?"

"Baffa, wannan ba ya cikin waɗanda ake ɗauka. Ba shi da doki, ba shi da makami."

"Shina da igiya?"

"Ana iya ba shi."

"Shi nake so. Sunansa Jafaru."

Armiya'u ya gyara murya ya fara. Ya kwatanta fitowar ayari daga Kaura, ƙarar ƙararrawar jakuna, mata suna miƙo guzuri ta kan danga. Ba a yi nisa ba Labbo ya katse shi.

"Jafaru ya ce ba shi bin hanya. Ya hango kanya ta nuna, can zai tahi."

Rumaisa'u ta dubi yayanta. Babu wata kanya a taswirar. Armiya'u ya ce to, Jafaru ya isa gindin kanya, ya tarar da wata tsohuwa zaune ta ce itacen nata ne, ba mai tsinka sai ya ɗebo mata ruwa.

"Madugu ya ce a bar shi can ya auri tsohuwar," in ji Gwaggo.

Labbo ya yi dariya har tabarau ya zame. Rumaisa'u ta ga ya gyaɗa kai shi kaɗai. Daga baya ta fahimci gwaji ne, yana son ya ga ko wasan na barin mutum ya kauce, ko kuwa layin dogo ne.

Da suka isa wani ƙauye Armiya'u ya jawo ƙarin kasuwa, wanda ya fi alfahari da shi. Ya tsara nauyin kowane kaya, da abin da jaki ke iya ɗauka, da yadda gishiri ke raguwa in ya sha raɓa. Kafin a sayar da tabarma ɗaya sai ya duba takarda, ya jefa ɗan ludo, ya sake duba wata takardar. Rumaisa'u ta yi ƙoƙari ta nuna tana jin daɗi. Gwaggo ta yi hamma, ta tambaya ko an ba awaki dusa. Sai ga babban yatsan ƙafarta ya zarce bakin tabarma ya taɓa silifas. Labbo ya gani. Sai ya ce Jafaru ya gaji da kasuwa, a tashi.

Aka shiga ƙarin damina, wasan ya farfaɗo. Hadari ya haɗo, jakuna suna turjewa, ayari ya iso bakin gulbi ya tarar ya kawo har ya shafe mashigi. Rumaisa'u ta ce jagaba yana ganin a kwana a jira ruwa ya janye. Gwaggo ta ce madugun da ke tsoron ruwa ya koma gida ya yi kiwon kaji, ita za ta fara shiga a kan doki.

"Sai kin jefa, Gwaggo," in ji Armiya'u.

Ta jefa. Ɗigo ɗaya ya fito, mafi muni.

Armiya'u ya duba takardarsa. Ya ce ƙafar doki ta zurma, ruwa ya kifar da shi, ya ja Madugu Tambari ya yi gaba da shi. Rumaisa'u ba ta san lokacin da ta miƙa hannu ta kama gefen zanen Gwaggo ba.

"Jafaru na da igiya," in ji Labbo.

"Yana can baya, Baffa. Ba zai iso ba. A dokar, wanda gulbi ya ci ya mutu." Ya juya wajen Gwaggo. "Kin fita."

"In fita in tahi ina?"

"Sai dai ki yi kallo har mu kai Shinkafi."

Gwaggo ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ta ce dama tukunya na jiranta, su masu rai su ci gaba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta zura ƙafa ɗaya a silifas. Armiya'u kuwa ya riga ya ci gaba: gari ya waye, ruwa ya janye, ayari ya tsallaka.

"Tsaya," in ji Labbo.

Bai ɗaga murya ba, amma har carbin Malam ya tsaya.

"Ayari ya tsallaka, ka ce. Ba a bi gulbi an nemi gawarsa ba, ba a yi mishi sutura ba. Wane irin fatake ne waɗanga? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, dubi ƙafar gwaggonka. Ita ta fi kowa son wasan nan, da ita munka taso tun daga Kaura. Ta yi kuskure sau ɗaya, shi ke nan ba ta da wurin zama har a tashi? Wa ya koya maka haka?"

"Haka yake a waɗanda na koya, Baffa."

"To su can. Kai da ka mayar da dodanni jakuna, mi ya hana ka gyara wannan?"

Gwaggo na tsaye, ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a tabarma. Rumaisa'u ta saci kallon mahaifinta, ta ga ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Saudatu," in ji Malam Ɗahiru, "cire takalmin nan ki zauna."

Ta zauna. Malam ya taso daga kujera ya tako har inuwar, ya tsaya a bakin tabarma.

"Yaya, abin da na kira ka dominsa. Caca ce?"

"A'a," in ji Labbo. "Caca na san ta, na zauna da ita shekaru, kai ma ka sani. A caca fatanka na kusa da kai ya faɗi. Nan kuwa da Saudatu ta faɗa ruwa, ɗiyarka zanenta ta kama. Ba wanda zai tashi daga tabarmar ga da abin wani." Ya juya wajen Armiya'u, wanda fuskarsa ta fara washewa. "Kada ka yi saurin murna. Uwar wasan na da kyau, tana barin mutum ya yi wauta ya ga sakamako. Ƙarin damina a gyara shi. Na kasuwa kuwa kanka ka yi wa, ba masu wasa ba. In ka kai shi makaranta, kafin ka gama awon gishiri yara sun tsere."

"Wata uku na yi ina tsara shi, Baffa."

"Shi ya sa ya yi nauyi."

Gwaggo ta tuntsire da dariya. Malam bai yi ba. Ya nuna ɗan ludon da ke tsakiyar tabarma da bakin carbi.

"Na ce na yarda da abin da ka faɗa, kuma na yarda. Amma wancan, hanin da na sani a kansa ban ga abin da ya ɗage shi ba. Ba ya zama gidana."

Rumaisa'u ta ga muƙamuƙin yayanta ya motsa. Ta tuna jakar da ke ɗaki a ɗaure. Ta roƙi Allah a zuciyarta kada ya buɗe baki.

Labbo ya ɗauki ɗan ludon ya juya shi a tafin hannu. "Wanga shi ne mafi ƙarancin amfani a wasan duka. Aikinsa ɗaya, ya hana mai labari son kai. In da wani abin da zai yi aikin, ba a rasa komai ba. Sai dai ni ban san abin da littafi ya bari ba. Wannan fanninka ne."

Malam ya shafa gemu. Ga mamakin kowa sai ya tsuguna.

"Ƙuri'a tana da asali," ya ce a hankali. "Ana yin ta in za a yi tafiya, ana yin ta a rabo in kaso ya yi daidai. In dai ba a ɗora komai a kai ba, ban ga laifinta ba."

Labbo ya kama gefen sabuwar tabarmarsa, ya zaro 'yan zarurrukan kaba, ya gutsuttsura su da haƙori, wasu dogaye wasu gajeru. Ya dunƙule su a hannu, kawunansu kaɗai a waje. Dogo an dace, gajere an gamu da wahala. In abin mai tsanani ne a ƙara gajeru. Armiya'u ya karɓa ya jujjuya, ya ce ai wannan ma ya fi, don ko a Sakajiki ba a rasa kaba, ɗan ludo kuwa kullum sai ya ɓata. Ya ɗauki ɗan ludon da kansa ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu.

Numfashin da Rumaisa'u ta saki, sai da Gwaggo ta waiwayo ta dube ta.

Aka koma bakin gulbi. Jafaru ya bi gaɓa da igiyarsa, aka sami gawar Madugu Tambari, aka yi masa sutura a gindin wani gawo. Daga nan Labbo ya tura wa Gwaggo katinsa. Ya ce daga yau wanda duk ya faɗi, mai korar jaki na nan a baya yana jiransa, ya ɗauke shi ya ci gaba. Gwaggo ta ce daga madugu zuwa mai korar jaki, wannan ai ci baya ne, amma ta karɓa, kuma kafin a kai Shinkafi Jafaru ya fi kowa baki a ayarin.

Da aka kira la'asar Labbo ya miƙa hannu wajen takalmansa, ya ce bari ya leƙa tasha ko zai sami ta ƙarshe. Malam Ɗahiru ya riga shi. Ya sunkuya ya ɗauki tsofaffin faden, ya kai su cikin zaure ya ajiye kusa da nasa.

"Rana ta juyo, za ta busar da su," ya ce, bai dubi kowa ba. "Hanyar ma ba a binta da yamma. An ɗora tuwo."

Labbo ya dubi ƙafafunsa, ya dubi ƙofar zauren. "To," ya ce. "In da miyar kuka."

Akwai. A kwano ɗaya suka ci. Rumaisa'u da ta kai musu ruwa ta ji suna gardama kan ko tsamiyar ƙofar gidansu ta Zurmi tana nan. Da ta wuce ɗakin samari ta ga Armiya'u yana mayar da rigunansa kan ƙusa.

Yanzu ana yin Ayari a Sakajiki bayan an tashi, da zarurrukan kaba a cikin gwangwanin madara. Ƙarin kasuwa yana ƙasan akwati. Baffa Labbo yakan zo Kaura in hanya ta yi kyau, ya kwana biyu, ya duba sabon ƙarin da Armiya'u ya yi, mafi yawa ya ce a rage. Inna har yanzu takan fara, "Ci gaba dai, za ka zama," sai ta tuna, ta ƙarasa da wata maganar.

Washegarin wannan wasa na farko, Rumaisa'u ce ta rako Baffa bakin zaure da ƙullin dambun da zai kai wa matarsa Inna Turai. Ya ce tabarmar ya bar musu. Yana zura takalmi ya tsaya, ya dube ta ta saman tabarau.

"Yayanki mai son gyare-gyare ne, wata rana zai ce Jafaru ba shi da amfani, ko ya ba shi doki ya mai da shi babban mutum. Ke ce mai riƙe abubuwa a gidan ga. Ki riƙe mini shi yadda yake, a bayan ayari da igiyarsa. Duk wanda ya faɗi, ki miƙa mishi kafin ya kai ga takalminsa."